Tambayoyin Masu Karatu: Ɗaukar Hoton Namun Daji da Kyamarar Tarko

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowar sun zo ne a kan kyamarar tarko, wato ƙaramar kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya a bar ta a daji kwana da kwanaki, ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta ba tare da mutum yana wurin ba. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun taƙaita su, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya: Malam, na ɗaura kyamarata a bakin wata turba da na tabbata dabbobi suna bi, domin na ga sawunsu da idona. Bayan mako biyu na koma na tarar katin ajiya ya cika da dubban hotuna, amma babu komai a cikinsu sai ciyawa da inuwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne akwai sababbin sawu a gaban kyamarar, alhali dabbar ba ta fito ko a hoto ɗaya ba. Shin lalacewa ta yi?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya a ce kyamararka ta lalace, kuma matsalolin biyu da ka ambata tushensu ɗaya ne. Wannan kyamara ba ganin dabba take yi kafin ta ɗauki hoto ba. A ƙarƙashin idon kyamarar, ko a samansa, akwai wata 'yar taga ta roba mai duhu, kuma a bayanta akwai na'urar da ke jin zafin da ke fita daga jikin abubuwa. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infirared, kuma shi ne abin da na'urar take saurare. Robar tagar an sassaƙa ta ne yadda za ta raba filin da ke gaban kyamarar gida-gida, kamar yatsun hannu da aka buɗe aka miƙa gaba. Idan wani abu wanda zafinsa ya bambanta da na abin da ke bayansa ya fita daga wani gida ya shiga na kusa da shi, sai na'urar ta ji sauyin, ta tashi kyamarar ta ɗauka. Saboda haka sharuɗɗa biyu ne dole su haɗu: bambancin zafi da kuma motsi. Dabbar da ta kwanta shiru ba za ta tayar da ita ba, haka nan dabbar da ke tafiya amma zafin fatarta ya yi daidai da na ƙasar da ke bayanta.

Daga nan za ka gane inda dubban hotunan ciyawa suka fito. Idan rana ta buga ciyawa ko ganye ta ɗumama su, sannan iska ta kaɗa su a gaban wuri mai inuwa da sanyi, na'urar tana jin abu mai ɗumi yana motsi, kuma ba ta da hanyar bambanta shi da barewa. Haka inuwar rassa take yi idan tana kai da komo a kan ƙasa mai zafi. Duba lokacin da aka buga a ƙasan hotunan naka. Ina kyautata zaton za ka ga galibinsu tsakanin hantsi da la'asar aka ɗauke su, lokacin da rana ta fi ƙarfi kuma iska ta fi kaɗawa. Kada wannan ya karya maka gwiwa, domin ko masana ba su tsira daga gare shi ba. A aikin binciken da aka fara a dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya a 2010, inda aka baza kyamarori 225, an tara rukunin hotuna kusan miliyan 1.2 zuwa 2013, amma waɗanda aka samu dabba a cikinsu ba su wuce kashi ɗaya bisa huɗu da 'yan kai ba. Sauran duk zafi da ciyawa ne suka tayar da kyamarorin.

Ita kuwa dabbar da ta bar sawu ba ta bar hoto ba, akwai dalilai uku da ya kamata ka bincika. Na farko, mai yiwuwa katin ya riga ya cika ko batura sun ƙare tun kafin ta zo, domin hotunan banza sun cinye su. Na biyu shi ne zafin gari. Idan ƙasa da duwatsu suka kai wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, sun kusanci zafin fatar yawancin dabbobi masu shayarwa, sai bambancin ya ragu har na'urar ta kasa jin wucewarsu. Wannan ne ma ya sa irin wannan kyamara ba ta cika kama damo ko mesa ko kada ba, tunda zafin jikinsu yana bin na muhallinsu. Na uku, kuma shi ne ya fi yawa, shi ne yadda aka fuskantar da kyamarar. Dabbar da ta taho kai tsaye tana dosar kyamara tana iya zama cikin gida ɗaya na na'urar har ta matso kusa sosai ba a ji ta ba. Wadda kuma ta gifta daga dama zuwa hagu a kusa ƙwarai, ana jin ta nan take, amma kafin kyamarar ta farka ta ɗauka ta riga ta fice, sai a samu hoton turba babu kowa, ko kuma hoton wutsiya kawai.

Gyaran ba shi da wuya. Ka yanke ciyawa da ƙananan rassan da ke gaban kyamarar har tsawon taku huɗu ko biyar, ka ɗaura ta a jikin bishiya mai kauri wadda iska ba ta girgizawa, kada ka fuskantar da ita gabas ko yamma inda fitowar rana da faɗuwarta za su buge ta a ido. Arewa ko kudu ya fi. Sannan ka karkatar da ita yadda za ta kalli turbar a kaikaice, ba a tsaye ba kuma ba a gicciye sosai ba, domin dabbar ta ratsa gidajen na'urar kuma ta daɗe cikin filin hoton.

Tambaya: Ina shirin sayen kyamarar tarko ta farko, na ga wasu an rubuta megafiksel 24, wasu 48, wasu ma sun fi haka. Shin wadda ta fi yawan lamba ita ce ta fi kyau?

Amsa: Malama, wannan lambar, wadda ke nuna yawan miliyoyin ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, ita ce ta ƙarshe da zan ce ki duba. Yawancin waɗannan kyamarori ainihin na'urar da ke kama hoto a cikinsu ƙarama ce, sau da yawa tsakanin megafiksel 2 zuwa 5, sai manhajar ciki ta buɗa hoton ta cike gurabe da ɗigon da ta ƙirƙira. Hoton ya ƙara nauyi, ya cinye wuri a kati, amma bai ƙara nuna ko gashi ɗaya na jikin dabbar ba. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne saurin farkawa, wato tsawon lokacin da ke tsakanin jin dabba da ɗaukar hoton farko. Kyamara mai kyau tana yin wannan cikin rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka. Bayan shi sai lokacin da take ɗauka kafin ta shirya wa ɗauka ta gaba, domin idan uwa ta wuce da 'ya'yanta a bayanta, kyamara mai jinkiri uwar kaɗai za ta nuna miki. Sai nisan da na'urar jin zafi take kaiwa, da nisan da fitilar dare take haskawa, kuma ya kyautu su biyun su yi daidai da juna, in ba haka ba za ki riƙa samun baƙaƙen hotuna na dabbar da aka ji ta amma haske bai kai gare ta ba. Idan da hali, ki nemi ganin ainihin hotunan dare da aka ɗauka da irin kyamarar kafin ki saya. Kusan kowace kyamara tana yin abin kirki da rana. Da dare ne ake gane ta ƙwarai.

Tambaya: A wane irin wuri ya kamata in ɗana kyamarar, kuma a wane tsayi? Na gwada wurare da dama na tashi a tutar babu.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, domin na yi imani cewa wanda ya san daji ya riƙe kyamara mai araha zai fi wanda ya riƙe mai tsada bai san inda zai sa ta ba. Kyamara ba ta neman dabba. Tana kallon ɗan fili ne wanda bai wuce 'yan mitoci ba, kuma aikinka ne ka gano ɗan filin da dabba za ta taka daga cikin dukan faɗin dajin.

Dabbobi ba sa yawo barkatai. Suna da hanyoyin da suka saba bi tsakanin makwanci da makiyaya da mashaya, kuma suna son sauƙi: sukan bi busasshen rafi, da gefen dutse, da tsohuwar hanyar da mutane suka daina bi, da gibin da ke jikin shinge. Ka nemi wurin da yanayin ƙasa ya matse su dole su bi ta nan, kamar tsakanin dutse da ruwa, ko kan gungumen da ya faɗi ya haɗa gaɓar rafi biyu, ko inda turba biyu suka haɗu. Da rani, mashayar da ta rage da ruwa ta fi ko'ina, sai kuma wuraren da dabbobi ke lasar ƙasa mai gishiri.

Kafin ka ɗaura komai, ka durƙusa ka karanta ƙasar. Sawun da aka taka cikin daren jiya gefensa yana da kaifi, ƙasar cikinsa ta fi ta kewaye duhu domin akwai sauran danshi, kuma ba ganye ko sawun ƙwaro da ya hau kansa. Wanda ya kwana uku gefensa ya zube, iska ta cika shi da ƙura. Ka lura ko akwai alamar farce a gaban yatsu: kura da dila suna barin ta, amma damisa tana tafiya da faratanta a janye, sawunta ya fito a zagaye babu alamar farce. Ka duba kashi, sabo ne ko ya bushe, akwai gashi da ƙashi a ciki ko ciyawa ce. Ka duba jikin bishiyoyi ko akwai inda laka ta bushe a wani tsayi, alamar gadu ko ɓauna sun goga jiki bayan sun yi birgima. A bakin rami kuwa, idan ka ga yanar gizo-gizo ta rufe ƙofar, ba mai shiga. Idan ka ga ƙasa a tone da ƙudaje suna shawagi, ko ƙayar beguwa a yashe, akwai mai gida. Wurin da ka ga sababbin sawu a kan tsofaffi, masu tafiya da masu dawowa, shi ne wurinka.

Game da tsayi, kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaura kyamara daidai idonsa, domin nan ne hannu ya fi kaiwa. Ka auna da ƙirjin dabbar da kake nema. Masu bincike da yawa suna sa ta tsakanin santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa, wajen tsayin gwiwar mutum, domin a nan ana kama ƙanana irin su zomo da gada, manya ma ba sa kuɓucewa. Ka bar tazarar mita 3 zuwa 5 tsakaninta da turbar, kuma ka tabbata tana kallon gaba daidai da shimfiɗar ƙasa; idan bishiyar ta karkata, ka cusa ɗan itace a bayan kyamarar ka daidaita ta. Yawancin kyamarori suna da tsarin gwaji wanda wata 'yar fitila ke ƙiftawa idan an ji motsi. Ka kunna shi, ka bi turbar da rarrafe, ba a tsaye ba, domin tsayin dabbar kake gwadawa, ka ga daga ina zuwa ina ake jin ka. Sannan ka duba hoton gwajin kafin ka bar wurin.

Bayan haka sai ka yi nisa. Ƙamshin mutum yana daɗewa a wuri, kuma dabba mai wayo tana iya kauce wa turba na kwanaki bayan an taɓa ta. Wanda ke zuwa kowace safiya don ya ga abin da aka samu, shi da kansa yake korar abin da yake nema. Mako biyu zuwa huɗu ba tare da an leƙa ba shi ne abin da nake ba da shawara.

Tambaya: Hotunan dare da nake samu babu launi, wasu dabbar ta yi fari fat ba a gane ta, wasu kuma ta yi dishi-dishi. Sannan ina tsoron ko hasken kyamarar yana firgita dabbobi.

Amsa: Rashin launi ba aibi ba ne. Da dare kyamarar tana janye wani ɗan gilashin tacewa daga gaban na'urar hoto, ta haska wurin da fitilun infirared, kuma a wannan haske baƙi da fari kawai ake samu. Fitilun iri biyu ne. Masu tsawon zango nanomita 850 (ma'aunin da ake bambanta nau'in haske da shi ke nan) suna yin wani ja-ja kaɗan idan an kalle su kai tsaye, amma sun fi kaiwa nesa kuma hotonsu ya fi fitowa. Masu nanomita 940 idon mutum ba ya ganinsu ko kaɗan, sai dai haskensu ya fi rauni. Akwai kuma kyamarori masu farin haske irin na walƙiya, waɗanda ke ba da hoto mai launi da dare, kuma masu binciken da ke son tantance zanen jikin dabba sun fi son su.

Dabbar da ta yi fari fat ta matso kusa da fitila ne fiye da kima. Ka ja kyamarar baya, ko ka rage ƙarfin hasken idan akwai wannan zaɓi. Haka ma ganye ko reshen da ke kusa da kyamara yakan sha hasken ya yi fari, sauran hoton ya yi duhu. Dishi-dishin kuwa yana faruwa ne domin kyamarar tana barin idonta a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo don ta tara haske, dabbar kuma tana tafiya. Wasu kyamarori suna da tsarin rage wannan, amma hoton zai ƙara duhu. Dabarar da ta fi ita ce ka zaɓi wurin da dabba take tsayawa da kanta, kamar bakin ruwa ko gindin bishiyar da take shinshinawa, ka kuma sa kyamarar ta ɗauki hoto uku a jere a kowace farkawa.

Tsoronka na biyu yana da tushe, kuma na ji daɗi da ka yi wannan tunani. Bincike ya nuna cewa dabbobi da yawa suna jin ƙananan sautukan da kyamara ke yi, wasu kuma suna lura da hasken fitilarta, shi ya sa ake yawan samun hoton dabba ta tsaya ta zuba wa kyamara ido. Galibi sukan saba bayan ɗan lokaci. Amma farin haske ya fi tayar da hankali, kuma ban yarda a sa shi a bakin ramin da ake renon 'ya'ya ko kusa da sheƙar tsuntsu ba, domin uwa tana iya ƙaura da 'ya'yanta ko ta yashe su, kuma babu hoton da ya kai wannan asarar.

Tambaya: Batura suna ƙare mini da wuri, kuma na taɓa buɗe kyamara na tarar tururuwa sun yi gida a ciki.

Amsa: Bidiyon dare da hotunan banza su ne manyan masu shan batir, saboda haka ka gajarta bidiyo zuwa daƙiƙa 10 ko 15, ka kuma gyara abin da ke jawo ɗaukar banza. Baturan litiyam sun fi na alkalin daɗewa kuma ƙarfinsu ba ya raguwa a hankali kamar na alkalin, raguwar da ke sa hoton dare ya riƙa dusashewa. Masu caji suna ba da bolt 1.2 maimakon 1.5, kuma ba kowace kyamara ce ke aiki da su sosai ba, sai ka duba littafinta. Kada ka haɗa tsoho da sabo. Katin ajiya kuma, bayan ka kwashe hotunan, ka riƙa share shi a cikin kyamarar kanta kafin kowace ɗanawa, ka tabbata kwanan wata da agogo daidai suke bayan canza batir. Game da tururuwa, ka guji bishiyar da ka ga suna hawa ko gara ta yi wa rufi, ka duba robar da ke bakin murfi ko ta tsage, ka sa 'yar jakar nan mai tsotse danshi a ciki. Inda akwai kura ko giwa ko manyan birai, akwatin ƙarfe da kwaɗo ya zama dole, domin kura tana tauna kyamara, giwa tana fizge ta ta taka.

Tambaya: Hotunan da nake gani a manyan mujallu na damisa da dare suna da kyau ƙwarai, an ce kuma da tarko aka ɗauke su. Me ya sa nawa ba sa kama da su? Kuma wai yaushe aka fara wannan fasaha?

Amsa: Fasahar ta girmi yadda mutane suke zato. Wani Ba'amurke mai suna George Shiras, a jihar Mishigan, tun a shekarun 1890 yake ɗaura zare a hanyar dabbobi ya haɗa shi da kyamara da garin maganiziyam mai walƙiya, dabba tana taɓa zaren sai wuta ta tashi ta ɗauki hoton kanta. A Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya. A shekarun 1920 kuma wani jami'in gandun daji ɗan Ingila, F. W. Champion, ya yi amfani da irin wannan dabara a arewacin Indiya ya ɗauki hotunan damisar nan mai ratsi da ake kira taiga, a zamanin da takwarorinsa bindiga suke ɗauka.

Hotunan mujallu na yau ba da irin kyamararka ake ɗaukarsu ba. Ƙwararru suna sa babbar kyamarar aiki cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, su haɗa ta da na'urar jin motsi daban, su kafa fitilun walƙiya biyu ko uku a gefe da sama, su tsara komai tun kafin dabbar ta zo: inda za ta tsaya, abin da zai fito a bayanta, ta ina haske zai sauka a jikinta. Da haka Steve Winter ya ɗauki damisar ƙanƙara a tsaunukan Ladak na Indiya, hoton da ya ci babbar gasar hoton namun daji ta duniya a 2008. Da haka Will Burrard-Lucas ya ɗauki baƙar damisa a Laikipiya ta ƙasar Kenya a 2019. Sergey Gorshkov, wanda ya ci gasar a 2020 da hoton taiga tana rungume da bishiya a gabashin Rasha, ya zaɓi bishiyar ne domin ya ga alamun da taiga ke bari a jikinta, sannan ya jira fiye da wata goma. Abin da za ka iya ɗauka daga gare su ba tare da ka sayi kayansu ba shi ne tsara hoton tun farko. Ka tsuguna a bayan kyamararka ka kalli abin da take kallo, ka zaɓi wurin da abin da zai fito a bayan dabbar yake da tsabta, ka sauko da ita ƙasa daidai idon dabba. Su kansu ƙwararrun sukan fara baza ƙananan kyamarori irin taka, su gano turbar da ake bi, kafin su kai babbar.

Tambaya: Na samu hoton barewa sau 60 cikin wata ɗaya. Zan iya cewa akwai barewa 60 a wurin?

Amsa: A'a, Malam. Tana iya yiwuwa barewa uku ce take zuwa shan ruwa kullum. Masu bincike sukan ɗauki duk hotunan jinsi ɗaya da suka zo cikin minti 30 a kyamara ɗaya a matsayin ziyara ɗaya, sannan su raba yawan ziyarar da yawan kwanakin da kyamarar ta yi tana aiki. Ko wannan ma yana nuna yawan amfani da wurin ne, ba yawan dabbobi ba. Ƙidaya ta gaskiya ta fi sauƙi ga dabbar da kowace ɗaya take da zanen jikinta daban. Masanin nan na Indiya, Ullas Karanth, shi ne ya nuna hanyar a dajin Nagarahole, a aikin da ya buga a 1995: ana tantance kowace taiga da ratsinta, a ga nawa ne aka sake kamawa a hoto, sai a yi lissafin nawa ne ba a gani ba. Domin ratsin dama ya bambanta da na hagu, ana kafa kyamara biyu suna kallon turba daga ɓangarori biyu. A ƙidayar da Indiya ta yi a 2018, an kafa kyamarori a wurare 26,838, aka tara hotuna kusan miliyan 35, aka tantance taiga 2,461 ɗaya bayan ɗaya, aka kuma ƙiyasta jimillarsu 2,967.

Wannan ba ya nufin hotunanka ba su da daraja. Suna tabbatar da cewa jinsin yana nan, suna nuna lokacin da yake fitowa da lokacin haihuwarsa, kuma wani lokaci hoto ɗaya yana sauya abin da aka sani gaba ɗaya, kamar yadda kyamarar tarko ta nuna a 2019 cewa wata 'yar ƙaramar barewa mai azurfar baya tana nan da rai a Biyetnam bayan kusan shekara 30 masana ba su gan ta ba. Ka riƙa rubuta ranar ɗanawa da ranar cirewa da wurin kowace kyamara, kada ka share hotunan dabbobin da ka raina. Idan hotuna sun yi yawa, akwai manhajoji irin su MegaDetector da ke ware waɗanda babu komai a ciki.

Tambaya: Wani ya ba ni shawara in riƙa ajiye nama a gaban kyamara don dabbobi su zo. Kuma idan na samu hoto mai kyau, akwai laifi in sa shi a Facebook?

Amsa: Shawarar naman ba na goyon bayanta. Dabbar da ta saba samun abinci inda akwai ƙamshin mutum tana rage tsoron mutum, kuma ƙarshenta yakan zama shiga garke ko faɗawa hannun mai kisa. Abincin yana kuma tara dabbobi a wuri ɗaya, ya jawo faɗa da yaɗuwar cuta, sannan hoton da ka samu ba halin dabbar na gaskiya yake nunawa ba. Masu binciken da ke amfani da abin jan hankali suna yi ne da izini kuma bisa tsari.

Izini shi ne abin farko ga kowa. A gandun da hukuma ke karewa ba a kafa kyamara sai da yardar masu kula da shi, a filin wani kuma sai da yardar mai shi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Jihar Arizona ta Amurka, alal misali, ta hana amfani da waɗannan kyamarori wajen farauta daga farkon 2022. Ka sani kuma kyamararka za ta ɗauki mutane, masu itace da makiyaya da masu wucewa, waɗanda ba su san ana ɗaukarsu ba. Kada ka fuskantar da ita ga gidan wani ko wurin wanka a rafi, kuma hoton mutumin da ya shigo bisa tsautsayi ka share shi, kada ka yaɗa. Idan abin da ka gani aikin masu farautar sata ne, ka kai wa masu gadin dajin a asirce, kada ka tunkari kowa da kanka.

Sa hoto a intanet babu laifi, har ma yana sa mutane su ƙaunaci dabbobin da ba su taɓa gani ba, amma da sharaɗi. Kada ka faɗi takamaiman wurin, musamman idan dabbar tana cikin waɗanda ake nema don fata ko haure ko ƙaho ko ɓawon jiki. Ka yanke layin bayanin da ke ƙasan hoton idan ka rubuta sunan wurin a ciki, ka goge bayanan wuri da wasu kyamarori da wayoyi ke ɓoyewa a cikin fayil ɗin hoto, ka kuma duba ko akwai dutse ko gadar hanya ko wata alama a bayan dabbar da wanda ya san yankin zai gane. Idan hoton uwa ce da ƙananan 'ya'ya a bakin rami, ka jinkirta sa shi har sai sun girma sun bar wurin.